Ƙofar da Za a Ƙwanƙwasa

Birnin Gwari,
Lahadi da hantsi.

Mamana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri a gare ki. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da gwaggonki da yaranta duka. Tun da motarku ta bar tasha hankalina bai dawo jikina ba, sai da direban ya juyo ya ce da idonsa ya ga kin shiga gida a Kaduna. Kin dai san hanyar nan tamu, ba a yi wa matafiyi barka sai an ji muryarsa daga can. Allah ya ƙara tsare ki, ya kai ki Legas lafiya, ya tsare ki a ƙasa ya tsare ki a sama, tunda yanzu har saman ma wurin aikinki ne.

Na san za ki ce Baba da wayarsa a aljihu me ya kai shi rubutu. To, layin garin nan sai mutum ya hau tulin ƙarafan bayan shago ya tsaya da ƙafa ɗaya kafin a ji shi, ni kuwa gwiwata ta daina irin wannan. Ban da haka, abin da ke raina in ina jin muryarki ba zai fito ba. Sunan mahaifiyata kika ci, kuma har yau in kin ɗago ido kin dube ni sai in ji nauyinki kamar ita ce. Takarda ba ta da ido, shi ya sa na zaɓe ta.

Gidan ya yi shiru ƙwarai. Yayyenki ɗaya na Zariya ɗaya na Kaduna, mahaifiyarki tana inda ba a dawowa, Allah ya jiƙanta. Jiya na dafa shayi na zuba kofi biyu, sai da na ajiye na biyun a kan turmi inda kike zama sannan na tuna. Ban zubar ba, na shanye duka, cikina ya yini yana ƙugi. Kewarki nake yi, ba zan ɓoye ba. Ban faɗa don ki dawo ba, na faɗa ne don ki san da wane irin rai aka rubuta abin da za ki karanta.

Safiyar da za ki tafi, muna shan koko a bakin shago, na tambaye ki wai shin wane aiki ne takamaimai aka ɗauke ki. Kika ce kamfanonin jiragen sama biyu ne za su haɗe su zama ɗaya, babban zai haɗiye ƙaramin, ku lauyoyi ku ne za ku rubuta yadda za a yi. Na ce madalla, ai haɗuwa alheri ce. Kika yi dariya kika ce, "Baba, ƙaramin yana da jirage masu kyau, amma yana da rigingimu a kotu. Akwai wani ɗan dako da motar jan kaya ta take wa ƙafa a filin jirgi, akwai tsofaffin ma'aikata da ke jiran haƙƙinsu, akwai fasinjojin da aka yi wa ba daidai ba. Ogana yana so a kwashe jiragen da duk abu mai amfani a kai sabon kamfani, a bar tsohon a takarda kawai. Duk mai ƙara sai ya bi tsohon."

Na ce, "To, tsohon me zai rage a cikinsa?"

Kika ce, "Suna da hatimi. Amma fa Baba, akwai yadda za a bi da shi doka ba ta ce komai ba."

Na ce Allah ya ba da sa'a, na tashi na shiga shago ina neman guduma, alhali tana hannuna. Kin ɗauka kewa ce ta ɗaure mini baki. Rabi kewa ce. Ɗaya rabin shi ne ya zaunar da ni yau.

Ban san doka ba, Mamana. Ni maƙeri ne ɗan maƙeri, da zamani ya juya na koma walda. Ke kika yi karatun, kuma ba zan koya miki aikinki ba. Kurakuraina zan shimfiɗa miki, ki tsinci abin da zai yi miki amfani ki bar sauran. Bari in fara da ƙanana, ko na sami ƙarfin zuciyar kaiwa ga babban.

Lokacin da nake neman mahaifiyarki, iyayenta a Kazage suke. Akwai wani baduku a kasuwarmu da ke ɗinka takalmin fata, irin wanda sai ka gaji da shi ka bayar. Na raina shi. Na sa aka sayo mini ɗan waje daga Kaduna, baƙi wuluk, yana sheƙi har kana ganin haƙoranka a ciki, ga rubutun Turanci a tafinsa. Ranar da zan je gaida surukai na sa shi na hau keke. Damina ce. Kafin in tsallake rafi tafin ƙafar dama ya saki baki, yana ta taf-taf duk inda na taka. Allah ya taimake ni a ƙofar zaure ake tuɓe takalmi, amma ƙannen mahaifiyarki sun gan shi, kuma kin san su da baki. Har ta koma ga Allah, in ta so tsokanata sai ta ce, "Malam, wai ina ɗan Ingila?"

Kunyar ba ita ta fi ba ni haushi ba. Na rasa wanda zan kama ne. Mai shagon ya ce shi ma sayowa ya yi, wanda ya sayar masa yana Legas, na Legas kuwa daga jirgin ruwa aka sauke masa. Na koma wurin badukun nan kaina a ƙasa, ya karɓa ya ɗinke bai ce mini uffan ba, abin da ya fi zagi ciwo. Don haka in kin shiga kasuwannin Legas, kafin ki tambayi daga wace ƙasa abu ya fito, ki fara tambaya in ya lalace ƙofar wa za ki ƙwanƙwasa. Araha ba ta ado, amma tsada da sheƙi ma ba sa hana tafin takalmi saki.

Daga nan kuma sai na zarce, kin san sabon tuba ya fi malaminsa zafi. Da na fara ƙera injin casar masara, na rantse babu abin waje da zai shiga injina. Har boris, wanda ƙarfen tsakiya ke juyawa a kansa, na ƙi sayen na waje, na ɗauko na wani abokina mai zuba ƙarfe. Na san bai kai ba, amma na ce ai namu ne. Injin ya tafi Tabanni ana tsakiyar kaka, bai cika yini yana aiki ba boris ya tarwatse. Masarar mutane na zube a fili, ga hadarin ƙarshen damina na haɗuwa. Mai injin ya zo har gida ya buga mini ƙofa, ya faɗa mini maganganun da ba zan rubuta wa 'yata ba. Na hau babur na bi shi da boris ɗan waje a aljihu, na gyara, muka rufe masarar kafin ruwa ya sauko. Har ya mutu bai ƙara sayen inji a wurin kowa ba sai ni.

Kishin gida ba ya hana ƙarfe karyewa. Ki sayi na gida in yana da kyau. In ba shi da kyau ki gaya wa mai shi a fuskarsa, don shi yana kusa kuma yana ji, wannan ne fifikonsa a kan na waje. Jiragenku duk a ƙetare aka ƙera su, ba wanda ke sa ran a buga su a kasuwar maƙera ta Panteka. Amma kamfanin na gida ne. Abin da zai sa mutum ya zaɓe ku shi ne yana ganin in wani abu ya same shi kuna nan, kuna da ƙofa, kuma da harshen da yake ji za a yi rigimar.

Yanzu ga babban. Kin san Yohanna, mai hannu ɗaya da ke zaune a rumfar kwanon da ke kallon shagonmu. Kin san injin casa ne ya cinye masa hannu, duk gari ya sani. Abin da ba ki taɓa ji daga bakina ba shi ne inda nake tsaye a cikin labarin. Kina goye lokacin.

Rumfar nan a da ta Alhaji Tanko ce. Shi ba maƙeri ba ne, ɗan kasuwa ne. Yana sayo injinan casa 'yan waje a kwali, jawur da su, sun fi nawa araha, sun fi nawa kyan gani da sauƙin ɗorawa a amalanke. Ya kwashe mini masu saye da yawa. Amma in sun lalace ba shi da mai gyara, ni kuma ina da hannu ba ni da jari. Wata rana ya tsallako titi ya ce, "Garba, mu daina cin naman juna. Mu haɗa shago, ni in kawo kaya, kai ka riƙe gyara." Na amince tun kafin ya rufe baki.

Nan na yi kuskuren farko. Na duba abin da Alhaji zai shigo da shi, ban duba abin da ke biye da shi ba. Ban tambaye shi su wa ya sayar wa injinansa ba, a waɗanne ƙauyuka suke, akwai wanda ya taɓa kawo kuka ko babu. Mai neman aure ma yakan aika a binciko masa asali da halin gida, ni kuwa na haɗa sunana da na mutum ina kallon kwalaye. In kun zauna haɗa kamfanoninku, ki fi kowa yawan tambaya a kan abin da ke bayan ƙaramin, kuma in an ba ki amsa a gaggauce ki sake tambaya.

Alhaji ya kawo lauya daga Kaduna, mutum mai hankali da ladabi, ya rubuta mana takarda. A ciki ya sa wani layi cewa duk abin da kowannenmu ya sayar kafin ranar haɗuwa yana wuyan tsohon shagonsa. Ya karanta mini, ya fassara, na ji daɗi ƙwarai, na ce lallai karatu ya yi. Muka kwashe duk kayan rumfar Alhaji muka dawo da su wajena, har benci da fanka. Aka bar rumfar wayam, aka danna mata kwaɗo, allon sunanta na rataye a sama.

Ina da wata al'ada a ƙira, na gaje ta a wurin wanda ya koya mini walda. Bakin da ake zuba masara a inji, ba na auna shi da tef. Nakan nemi wanda ya fi kowa dogon hannu a kusa, in sa ya zura hannunsa har hammata. In yatsunsa sun taɓo haƙoran injin, bakin bai yi ba, sai a ƙara masa tsawo. Dalili kuwa na san mutanenmu. In masara ta toshe babu mai kashe inji ya nemi sanda, hannu za a sa a tura. Waɗanda suka ƙera na Alhaji ba su san mu ba. Wataƙila a ƙasarsu ana karanta gargaɗin da ke manne a jiki a kuma bi shi. Bakin nasu gajere ne, ko kamu ɗaya bai cika ba.

Yohanna manomi ne, iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo suka zauna a wani ƙauye bayan Kusasu. Ya sayi ɗaya a wurin Alhaji kafin mu haɗe. Bayan mun haɗe bel ɗinsa ya tsinke, ya kawo shi sabon shago. Ni na karɓa, ni na sa bel, har na shafa masa koren fentinmu don duk inda ya shiga a ce namu ne. Ina shafa fentin idona na kan bakin nan. Na gan shi, Mamana. Guntun ƙarfe da 'yar walda sun isa su ƙara masa tsawo kafin Yohanna ya gama cin abinci a kasuwa. Amma na ce a raina wannan tsohon cinikin Alhaji ne, takarda ta ce ba a wuyana yake ba, kuma in na taɓa ɗaya sai na taɓa duka. Na karɓi ladan bel. Ya ce, "Na gode, Malam Garba, ya koma sabo," ya ɗora a amalanke ya tafi.

Kakar nan ba ta ƙare ba aka wuce da shi asibiti a bayan a-kori-kura, an naɗe hannun da zanen matarsa Saratu.

Danginsa da mutanen cocinsu suka kai ƙara. Kafin a fara zama Alhaji Tanko ya rasu, magada suka raba abin da ya bari suka watse, ya rage saura ni. Alƙali ya ce, "Kai ka ƙera injin?" Na ce a'a. Ya ce, "Kai ka sayar masa?" Na ce a'a. Duk gaskiya na faɗa. Ba wanda ya tambaye ni ko na ga bakin, ni ma ban ɗauko zancen ba. Lauya ya miƙa takardarmu, aka duba layin nan, aka ce sabon shago ba ruwansa, Yohanna ya bi tsohon. Abin da ya rage da sunan tsohon kuwa rumfar kwano ce da kwaɗo, ita aka ba shi. Ina tsaye aka miƙa wa Saratu makullin, don shi hannun da ya rage masa yana tallafe da dungun.

Na dawo gida da murna, har na tsaya na sayo tsire. Mahaifiyarki na tankaɗe, ba ta ɗago ba. Na ce, "Hauwa, kotu ta wanke ni."

Ta ce, "To, sannu da wanka."

Can ta ce, "Koren fentin da ke jikin injin, shi ma na Alhaji ne?"

Na ce mata ba ta san shari'a ba. Ta ce, "Ban sani ba kam, Malam. Amma na san 'na shiga ban ɗauka ba' ba ta fid da ɓarawo. Kun kwashe benci da fanka, kun bar wa bawan Allah kwaɗo."

Tsiren nan yayyenki suka cinye, ita ko taɓawa ba ta yi ba. Daga baya na ji ashe duk kwanakin da ya yi a asibiti tana aika wa Saratu abinci ban sani ba. Ni ko leƙawa ban yi ba, don lauya ya ce zuwa dubiya zai zama kamar amsa laifi.

Ba zan yi miki ƙarya in ce Allah ya kama ni nan take ba. Kasuwa ma buɗe mini ta yi. Da shagon nan na gina gidan da kika tashi a ciki, da shi kika yi karatun lauya, kuma wannan yana cikin abin da ke hana ni sakewa. Na riƙa ƙara wa sauran injinan baki duk wanda aka kawo gyara, ban taɓa gaya wa masu su dalili ba. Ranar kasuwa in na hango Yohanna daga nesa sai in sa tabarau in kunna walda, ko babu abin da zan liƙa. Haka muka yi shekaru.

Da daji ya lalace, 'yan bindiga suka hana mutanen ƙauyuka noma da barci, Yohanna ya kwaso iyalinsa ya shigo gari. Ba shi da inda zai sa kai sai rumfar da kotu ta ba shi. Makullin ya daɗe da ɓata. Ya tsallako titi ya tsaya a gabana ya ce, "Malam Garba, ko za ka taimaka ka yanke mini kwaɗon nan?" Na ɗauki zarto na bi shi. Ni da na tsaya aka danna shi, ni na yanke.

Yanzu Saratu ta rasu, 'ya'yansa sun tafi neman abinci kamar nawa. Abokan hirata na da, wasu sun mutu, wasu sun gudu Kaduna, wasu sun shiga daji ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Dajin da muke shiga muna yara mu ƙona wa mahaifina gawayin ƙira, mu dawo da zuma a ƙwarya, yau ko bakinsa ba na kaiwa. Masu kawo inji sun ragu, gonaki da yawa sun koma saura. Mutum ɗaya ne, Yohanna, ke tsallako titi kullum ya zauna a bencin nan, benci kuwa na Alhaji ne. Mu sha shayi, mu yi musun ko za a yi ruwa. Ranar Juma'a shi ke tsare mini shago, ranar Lahadi in ya tafi coci ni ke duba masa awaki, shi ya sa yau nake zaune ni kaɗai da biro.

Sau ɗaya muka taɓa zancen. Bayan rasuwar mahaifiyarki ya zo gaisuwa, aka watse ya rage daga ni sai shi. Na ce, "Yohanna, na ga bakin injin nan ranar da na sa bel."

Ya ce, "Na sani. Na ga kana kallonsa."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa a kotu?"

Ya ce, "Na ɗauka kai za ka faɗa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ba diyyar ce ta fi damuna ba, Malam Garba. Ina kwance a asibiti, duk wanda ya turo ƙofa sai in ɗauka kai ne. Abincin Maman yara yana zuwa, na gane kwanon gidanka. Amma kai ba ka zo ba."

Na roƙi gafararsa, ya ce ya daɗe da yafewa, kuma na yarda ya yafe. Sai dai yafiya ba ta tsirar da hannu.

To, Mamana, rumfar da oganki yake so a bari, na san ta, na san har nauyin kwaɗonta. Taku ta fi girma, kuma da Turanci mai kyau za a rubuta ta. Amma ɗan dakon nan da aka take wa ƙafa, in ya gama yawon kotu, abin da za a miƙa masa ke nan.

Ga abin da nake roƙonki. Ban ce ki tayar da ƙura daga zuwanki ba, ki zama sabuwar da ta fi kowa sani. Ki yi ladabi, ki saurara, ki koyi aiki. Lauyan da ya rubuta mana takarda ba mugu ba ne, abin da muka nema ya ba mu, ƙila oganki ma haka yake. Amma in aka zo kan wannan magana, ki faɗi ra'ayinki a fili inda kowa zai ji, cewa wanda ya ɗauki jiragen ya ɗauki mutanen da aka ji wa ciwo a ƙarƙashinsu. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ke kin san hanyoyin da ni ban sani ba. Kin taɓa ce mini ana iya ware wani abu a ajiye domin masu ƙara, ana iya rage farashin cinikin saboda su, ana iya kiransu a sasanta kafin a haɗe. Ki shiga da waɗannan a hannunki, don mai cewa a'a kawai ba a daɗewa ana gayyatarsa taro.

Ki kuma nemi ganin mutumin nan da idonki. A takarda duk mai ƙara kamar ɗan damfara yake, haka Yohanna ya zama mini tun ranar da aka kawo mini sammaci. Ƙila akwai maƙaryata a cikinsu, tace su aikinki ne, amma ba a tacewa daga nesa. In kuma kin hango abin da zai cutar da wani, ki faɗa ko ba a tambaye ki ba. Ni ban yi ƙarya ko ɗaya a gaban alƙali ba, ki riƙe wannan da kyau.

Kin ce sabon kamfanin zai yi ta talla cewa 'yan ƙasa su hau nasu su bar na waje. Ina bayan wannan, ni da na ƙare rayuwata ina roƙon manoma su sayi na gida. Amma ba a ce wa mutum ya sayi na gida, sannan in ya zo ƙwanƙwasa ƙofa a nuna masa rumfa wayam. In haka za a yi gara na wajen, shi dai bai taɓa cewa shi ɗan'uwanka ba ne.

Mai yiwuwa su ji maganarki. Mai yiwuwa su ce yarinya ce daga daji, ba ta san kasuwanci ba. Mai yiwuwa ma aikin ya kuɓuce miki, kuma na san wuyar da kika sha kafin ki same shi, ba zan ce ƙaramin abu ne ba. Ba zan yanke miki hukunci ba, duk abin da kika zaɓa 'yata ce ke. In sun rinjaye ki sun yi abinsu, kin dai faɗa, ba ki tsaya kina shafa fenti kina kallo ba. In kuwa abin ya kai ga sallama, ɗakinki na nan yadda kika bar shi. Kada ki ce Baba so yake a kore ni in dawo in riƙa shan kofi na biyu. Na binciki zuciyata a kan wannan kafin in ɗauki biro. Kewar tana nan, amma ba ita ke magana ba.

Sauran kin san su. Kada aiki ya cinye miki salla. Ki riƙa cin abinci a zaune, ki riƙa neman yayyenki ko su ba su neme ki ba. Shinkafar gida ki saya ki tsince tsakuwarta, ba ta taɓa kashe kowa ba. Ni kuma in kin kira ba ki same ni ba ki sake kira, ina hanyar hawa tulin ƙarafa ne.

Direban zai ba ki takardar nan tare da ɗan buhu. Wake ne, daga 'yar gonar da Yohanna ke nomawa a bayan gari inda ake iya zuwa. Da na gaya masa kin zama lauyar masu jirgin sama, ya yi ta dariya ya ce, "Yarinyar nan da nake ba rake? To a kai mata, kada ta je can ta ƙare a waken gwangwani." Shi ya shuka, shi ya yi roro, shi ya buge da sanda, don tun daga ranar nan bai ƙara kusantar inji ba. Ya cika buhun da kansa, ya jawo shi a ƙasa har bakin shago. Sai ya tsaya riƙe da igiya yana dubana. Da hannu ɗaya ba a ɗaure bakin buhu. Ni na ɗaure, kamar yadda nake ɗaure masa duk kaka. Ƙullin da za ki gani nawa ne. Ki zauna ki kwance shi da hannayenki, kada ki sa wuƙa.

Allah ya tsare mini ke a tafiya da zama, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin hanya da na alƙalami. Allah ya sa duk jirgin da kika hau ya sauka lafiya, ya sa in sake ganinki da idona. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifiyarki. Ki gaida gwaggonki, ki ce na gode da ɗawainiya. Yohanna yana gaishe ki, ga shi can ma ya dawo daga coci, zan tashi in ɗora shayi.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba.